Afiniki da Goyon Inna Ɗelu

In kana neman Afiniki a Kuala Lumpur kada ka ɓata bakinka da tambayar lambar gida. Ka sauka a Jalan Semarak da rana tsaka, ka bi bayan ɗaliban ƙasarmu da ka ga suna sauri, za su kai ka har gaban tukunyarta. Tuwo take sayarwa a bayan shagon wani Ba'indiye da ya sam mata kusurwa, wasu su ci a nan, wasu su yi tapau, wato a ƙulle musu, su tafi da shi ɗaki. Kafin ka gan ta za ka ji ta, don Allah bai yi mata ƙaramar murya ba.

'Yar wani ƙauye ce a gefen Malumfashi, ita ce babba a ɗakinsu. Ƙanne bakwai ta goya, wannan na sauka wancan na hawa, har ta ce ba ta san launin bayanta ba sai da ta yi aure. Mijinta Nata'ala shi ke haɗa wa ɗalibai kaya a jirgin ruwa in za su koma gida, mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Mu dai mun ce daidai ne, gida ɗaya ba ya ɗaukar baki biyu irin nata. Ta haura shekara goma a garin nan, Malayancinta na kasuwa ne, amma da shi take faɗa da direban tasi har ya ba ta haƙuri.

Ni ranar da na fara ganin ta a coci, ina sabuwar zuwa na biyo maigidana karatu, ta ɗanɗana miyar da na kawo ta ce wa ya hana ni daddawa. Na yi sati biyu ba na gaishe ta. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kuwa, ita ce ta hau bas biyu ta kawo mini kunun tsamiya, ta share mini ɗaki tana yi mini faɗan ƙazanta. Tun daga nan na haƙura da ita, mutum ba ya zaɓen wanda zai zame masa 'yar'uwa a baƙon wuri.

Cocinmu ba wani gini ba ne, ɗaki ne muke haya a saman wani mamak, wato shagon da ake sayar da shayi da roti, gurasar Indiyawa, dare da rana. Masu jin Hausa ne muka haɗu, na Filato, na Kudancin Kaduna, na Adamawa, da irin su Afiniki na ƙasar Katsina. Duk shekara muna fita yawon buɗe ido, kuma duk shekara bakin teku ake zuwa a Port Dickson. Samari su buga ƙwallo, 'yan mata su ɗauki hoto. Tsofaffi fa? A gida ake barin su da jarirai. Tsofaffinmu a nan ko dai an ɗauko su wankan jego da renon jika, ko an kawo su ganin likita. Su zo ƙasar mutane su koma, ba abin da suka gani sai filin jirgi da tagar ɗaki. In sun isa gida a tambaye su yaya Malesiya, su ce akwai fanka.

Ranar da kwamiti ya zauna, Dattijo Ishaku, wanda shi ke jan ragamar ikilisiyar, ya ce to bana ma bakin teku, ko akwai mai magana? Ya faɗa ne don cika al'ada, har ya fara tattara tabaransa. Sai Afiniki ta miƙe.

"Akwai. Bana tafiyar tsofaffi ce. Ku ku zauna ku riƙe 'ya'yanku, ai ku kuka haife su."

Aka yi dariya, wasu har da tafi. Ta bari sai da aka gama, sannan ta ce, "Kuma har da Inna Ɗelu za a je."

Nan aka shiga kallon juna, don kowa ya san halin da Inna Ɗelu take ciki. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, manomiya, daga wajen su Afiniki. Ta zo yi wa autarta Kyauta wankan jego, ba a yi arba'in ba ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti, ma'aikata suka hau da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya zuwa hawa na huɗu, don gidan da surukinta Yahuza yake haya tsohon bene ne, ba lif. Tun daga ranar ba ta sauko ba. Mai gasa mata jiki gida yake zuwa, likita kuma ya ce ba ta isa hawa jirgi ba tukuna. Jaririyar da ta zo dominta har ta fara rarrafe.

Dattijo Ishaku ya ce, "Maman yara, a yi hankali. Ƙasar mutane muke. In tsohuwar nan ta faɗi a matakala, wa zai amsa tambayar 'yan sanda? Dukanmu da takardar zama muke a nan."

Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Amma Afiniki ta ce, "Baba Dattijo, in ta mutu a bakin tagar nan fa, wa zai amsa tambayar Allah?"

Ya ce kwamiti ya cire hannunsa. Ta ce madalla, dama hannun bai ɗauki komai ba, zumuntar mata za ta yi. Ta juyo ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina duba jakata, amma ina, ta riga ta sa ni a ciki.

Wurin da ta zaɓa wani tsohon gidan gona ne a bayan gari, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai a mota. Gidan manajan gonar roba ne tun zamanin Turawa, an gyara shi ana kai baƙi. Wani ɗalibi mai cin tuwonta ya ba ta labari, ya ce akwai inuwa, akwai itatuwa, ba hayaniya. Ta buga musu waya ta tambaya ko keken marasa lafiya zai shiga. Aka ce boleh, wato zai yiwu a yarensu. Makewayi na zama ne ko na tsuguno? Boleh. Akwai matakala? Boleh, boleh. Ta kashe wayar ta ce, "Kin ji ko? Mutanen nan ko cewa na yi zan zo da raƙumi, boleh za su ce mini. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Ta je ta ari keke a wajen maƙwabciyarta Hajiya Hureira, Bakanuwa matar wani malamin jami'a, wanda mahaifinta ya yi jinya da shi. Hajiya ta ce ta riƙe har ta gama, ta haɗa mata da lema. Sai Afiniki ta ɗora buhun shinkafa a kan keken, ta ɗaure shi da igiya, ta ce nauyin Inna Ɗelu ke nan, ko ya ɗara kaɗan. Haka muka tafi, ni da ita da buhu. Kai, na ga ta kaina ranar nan! Direban da ya ɗauke mu sai leƙen madubi yake yi, ni kuwa na manne da taga kamar ban san ta ba.

Ta tura buhun nan ko'ina a gonar. Inda tsakuwa ta riƙe ƙafar keke ta tsaya ta yi tsaki ta nemi wata hanyar. Ta shiga makewayi da shi ta juya ta fito. Ta zauna a kowane benci ta girgiza, wai ta ji ko zai ɗauki tsoho. Ta tambayi mai kula da wurin, wani dattijon Ba'indiye mai farin gashin baki, yaushe ruwa ke saukowa a nan, ya ce da la'asar kamar ko'ina, ta ce to da safe za mu zo. Da muka iso gaban gidan sai ga matakala ta dutse zuwa baranda, ba ta da yawa amma keke ba zai hau ba. Dattijon ya ce ba damuwa, ya zagaya da mu baya ya nuna mana wata ƙaramar ƙofa ta kicin, a daidai ƙasa take. Ya ce ta nan kuku da boyi suke shiga a zamanin da.

Na ce alhamdu, magana ta ƙare. Afiniki ta dube ni sama da ƙasa.

"Ta ƙofar boyi? Iyayenmu? Su ƙetaro teku da furfurarsu in bi da su ta ƙofar boyi? Allah ya sawwaƙe. Ta inda Bature ya shiga ta nan za su shiga."

Ta kwance ɗankwalinta ta auna tsayin matakalar da shi, ta ƙulla a inda ya tsaya. Da yamma ta miƙa wa Nata'ala ɗankwalin ta ce katako take so mai kauri, wanda zai kwanta daga ƙasa zuwa wannan ƙullin ba tare da ya yi tsaye da yawa ba. Bawan Allah ya je ya farfasa akwatunan kayansa ya haɗa mata.

Saura babbar magana. Afiniki ta riga ta yanke wa Yahuza hukunci a ranta, cewa shi ne malalacin da ya bar surukarsa a sama. Ƙato ne, ga tsawo ga ƙirji, yana digirinsa na uku. Da ya zo sayen tuwo, a gaban ɗalibai ta rufe tukunya.

"Ba na sayar wa wanda ya kulle tsohuwa a bene. Wannan ƙirjin na ado ne? Ka kasa sauko da ita ko sau ɗaya ta sha iska?"

Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Mama, don Allah ki je ki tambaye ta." Ya juya ya tafi ba tuwo.

Muka hau benen nan ina haki ina tsine wa wanda ya gina shi. Muka tarar da Inna Ɗelu a kujera a bakin taga, ba abin da ake hangowa sai kan wata bishiya da bangon wani benen. Kyauta ce ta ba mu labari a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Yahuza ba irin roƙon da bai yi ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya aike ta ciki, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a ce wa Inna ta bari ya goya ta ya sauko da ita. Inna ta ce ita? A bayan suruki? Mutumin da ko ruwa ba ta sha a gabansa? Gara ta ruɓe a kujerar. Shi ma don ta samu ta ci abinci a sake, a baranda yake cin nasa, ko ana ruwa. Aka ce to samarin coci su ɗauke ta a kujera, ta ce an hau da ita a kwance kamar gawa a makara, ba za a sauko da ita haka ba sai ranar da ta zama gawar. Kyauta kuwa tiyata aka yi mata wajen haihuwa, ga ta siririya, ko bokitin ruwa an hana ta ɗagawa.

Afiniki ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ash! Na zalunci yaron nan." Sannan ta fita falo ta durƙusa gaban tsohuwar ta gaishe ta, ta tambayi jiki.

Inna Ɗelu ta ce, "Jiki da sauƙi, 'yar nan. Ƙafata ce ke ƙaiƙayin ƙasa. Rabona da in taka ƙasa tun yarinyar can ba a yanke mata cibi ba. Ni da nake kwana da ƙasa a farce."

"Inna, ni dai ba surukarki ba ce. Ni zan goya ki."

Tsohuwar ta yi dariya da rabin bakinta mai motsi. "Ke? Da wannan haki da kika shigo da shi?"

"Wannan ce ke haki," ta nuna ni. Kun ji fa. "Ni ƙanne bakwai na goya, ko ɗaya bai faɗi ba. In ma kika faɗi a saukowa, a kaina za ki faɗo, ni ce a ƙasa."

Inna Ɗelu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce sai ta gani da idonta. Shi ke nan aka sake ɗauko buhun shinkafar nan. Kullum da sassafe kafin ta ɗora tukunya, Afiniki ta zo benen, mu ɗora mata buhu a baya, ta ɗaure da zane da majanyi, ta sauka da shi, Inna Ɗelu na leƙe ta ƙofa. Maƙwabta Malayawa suka riƙa fitowa kallo, wata tsohuwarsu har ta fara ƙirga mata hawa da yatsa tana dariya. Washegarin ranar farko kuma Afiniki ta aika wa Yahuza tuwo malmala uku da kan kifi, ba ta karɓi ko sisi ba. Ban haƙurinta ke nan, ba ta iya na baki ba.

Ranar tafiya ta kama Asabar. Tsofaffi ba su kai goma ba, amma shirin da aka yi musu sai ka ce biki. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka a kuloli, don rabinsu ba haƙora. Kunu a filas, tabarmi, fankar hannu, maganin kowa a jakar 'yarsa. Bas ta bi gida-gida tana ɗauka. Da muka tsaya a unguwar Titiwangsa, wa zan gani ya shigo da hular rana da kyamara a wuya, yana riƙe da hannun mahaifiyarsa? Dattijo Ishaku, mai cire hannu. Afiniki ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Dattijo, hannun ya dawo?" Ya ce shi rakiya ya zo.

Gidan su Kyauta ne na ƙarshe. Yahuza ya riga ya sauko da keken tun da wuri, ya ajiye a gindin bene, ya je can bayan motoci ya tsaya ya juya baya, don kada tsohuwar ta haɗa ido da shi a wannan hali. Ya ma ce ba zai bi mu ba, in ya je ba za ta iya cin abinci ba. Muka yi wa Inna Ɗelu kwalliya da zanen zumunta. Afiniki ta durƙusa, ni da Kyauta muka ɗora ta, muka sa hannun da ya shanye a cikin zane, aka ɗaure da majanyi biyu. Ta miƙe a hankali. Ni ina gaba ina saukowa da baya da baya, hannuna a buɗe, wai in tare su, ni da ko kaina ban iya tarewa ba. Haka muka lallaba har ƙasa. Da iska ta bugi fuskar tsohuwar sai ta rufe ido ta ce, "Kai! Ashe duniya na nan." Matan da ke cikin bas suka rangaɗa guɗa, har masu gadi suka leƙo.

A gonar, Nata'ala ya shimfiɗa katakonsa a kan matakalar gaba, ya taka ya gwada, ya gyaɗa kai. Tsofaffi suka shiga ɗaya bayan ɗaya ta babbar ƙofa, masu sanda da masu dafa kafaɗa, Afiniki na tsaye a gefe ta riƙe ƙugu kamar gidan ubanta ne. Ita da kanta ta tura keken Inna Ɗelu zuwa tsakiyar falo. Dattijon Ba'indiyen ya fara bayani, ga teburin da manaja yake cin abinci, ga fankar zane da yaro yake ja da igiya, ga hotunan masu tsaga itacen roba. Dattijo Ishaku na fassarawa yana ƙara nasa. Bai yi nisa ba Inna Ɗelu ta ja zanen Afiniki.

"'Yar nan, gida ne, na gani. A fitar da ni."

"Inna, ba ki ga ɗakin kwana ba. Kin san wahalar da na sha kan ƙofar nan?"

"Ɗaki na baro. Ni kai ni ƙasa."

Na kusa faɗuwa don dariya, Afiniki ta harare ni. Haka ta juya keken aka sake gangarowa ta katakon. Muka tura ta gindin itatuwan roba inda inuwa ta yi duhu. Na shimfiɗa tabarma, tsohuwar ta ce in naɗe abata. Muka sauke ta a kan ƙasa tsurarta. Ta ce a cire mata takalma. Ta dasa ƙafarta mai lafiya a cikin ƙasar tana murzawa, sannan ta kama wadda ta shanye da hannu ta ajiye kusa da 'yar'uwarta. Ta tona da yatsu, ta damƙo, ta murje, ta kai hanci ta shaƙa.

"Ja ce kamar tamu," ta ce. "Za ta yi rogo. Gyaɗa kam a'a, ruwa ya yi mata yawa."

Kyauta ta juya baya tana kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, tausayi ya kama ni har cikin ƙashi, da kuma haushin kanmu, mu da muke wucewa ta ƙarƙashin benen nan kullum. Afiniki ce kaɗai ba ta yi ba, ta ce wa zai zuba tuwo in kowa ya tsaya kuka.

Sauran tsofaffin da suka fito suka ga Inna Ɗelu a ƙasa, su ma suka ƙi benci. Can ta hango zogale a bayan kicin, ta sa aka kira dattijon Ba'indiyen. Ba ta jin yarensa ba ya jin nata, amma suka yi doguwar gardama da hannu kan yadda ake sassabe shi don ya yi ganye, har ya karyo mata rassa ya cika mata cinya. Malmala biyu ta cinye, ita da a gida sai Kyauta ta yi ta lallashi kafin ta ci loma uku. Bayan an ci aka kifa kula ana kiɗa a bayanta, aka yi waƙoƙin zumunta, mahaifiyar Dattijo Ishaku ta tashi da sandarta ta taka. Sai da hadari ya haɗo muka tattara.

A dawowa ruwa ya tsuge. Afiniki ta ce wa direba ya fara sauke kowa, gidan su Kyauta ya zama na ƙarshe. Da muka iso, daga ni sai ita, sai Kyauta da jaririya, sai Inna Ɗelu a keke a gindin bene. Nata'ala ya wuce da katakonsa. Yahuza na can nesa da lema, ya juya baya kamar da safe. Afiniki ta warware majanyi, ta sunkuya za ta durƙusa, sai ta dafe ƙugu.

"Wayyo Allah, bayana! Wayyo, ya riƙe!"

Ta lallaba ta zauna a kan matakala tana nishi. Hankalina ya tashi. Na ce to ni in gwada, ta ce da wace gwiwar, so nake a yi gawa biyu? Kyauta ta fara zagaye tana cewa yaya za a yi, yaya za a yi. Feshin ruwa na shigowa yana jiƙa wa tsohuwar zane. Na dubi benen nan na ji kamar in zage shi.

Inna Ɗelu ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallon matakalar. Ta dubi ƙafafunta, da jar ƙasa har yanzu a tsakanin yatsu, don ta hana a wanke. Ta dubi rassan zogalen da ke cinyarta. Sannan ta kama gefen mayafinta da hannu mai lafiya, ta ja shi ta rufe fuskarta ruf. Daga cikin mayafin muka ji muryarta.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kyauta, ce wa mai gidan nan ya zo ya durƙusa."

Kyauta ta tsaya kamar ba ta ji ba, sai da na zungure ta. Yahuza ya zo, ya ajiye lema, ya cire takalmansa a cikin ruwan nan, ya matso da baya da baya ya durƙusa. Muka ɗora masa ita. Afiniki daga zaune take ba da umarni, a sa hannun a ciki, a ja majanyin sama, ƙato da kai ba ka iya ɗaurin ƙirji ba? Ya miƙe kamar bai ɗauki komai ba. Ya hau da ita ba takalmi, a hankali, ina biye da su da zogale a hannu. Kafin mu kai sama na ga ruwa na ɗiga daga haɓarsa, kuma ba na sama ba ne.

Da ya sauke ta a kujera ya fice baranda da sauri. Tsohuwar ba ta buɗe fuska ba sai da ta ji ƙarar ƙofa. Ta ce, "Kyauta, ki ce masa sannu. Ki kuma ce masa cocin nan da kuke zuwa ku bar ni, na ji an ce shi ma a sama yake. Gobe Lahadi. Ya shirya bayansa."

Na sauko na tarar da Afiniki inda na bar ta. Ruwa ya tsagaita. Na kama ta muka fita tana ɗingishi, hannu a ƙugu, ina jan babbar kular tuwo da ƙyar ina tunanin wane asibiti ke buɗe ranar Asabar. Muna shan kwanar da ba a hango mu daga benen, sai matar nan ta saki ƙugu, ta miƙe sak, ta fizge kular daga hannuna ta ɗora a ka, ta ce in ɗaga ƙafa kada bas ta wuce mu.

Na tsaya a tsakiyar hanya. "Afiniki! Bayan fa? Ke ko tsoron Allah ba kya yi, gobe Lahadi?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ni kullum zan riƙa zuwa ina goya ta? Tana da ɗa a gidan."